Masu Jiran Itace Ya Gama Motsi

A teburin sunukar da na koyi wasa, ƙarƙashin wata rumfar kwano a bayan layinmu, sanduna uku ne ke jingine da bango, kuma kowa ya san halin kowacce. Ɗaya ta karkace kamar ƙotar fartanya, ɗaya fatar kanta ta ɓalle an manna wata da gam, ta ukun ita ce mai lafiya, ita ake rububi. Baƙo idan ya zo yakan kwantar da sanda a kan tebur ya mirgina ta da tafin hannu. In ta tafi tana ɗingishi, kanta na ɗagawa yana sauka, sai ya dubi yaron tebur ya ce, "Kai ɗan'uwa, wannan ai gwangwala ce." Yaron ya ce, "Yallaɓai, ita ke nan, da ita kowa ke ci."

Sunuka muke kiran wasan, amma teburin nan mai ƙwallaye 15 masu lamba, wasu masu ratsi wasu masu launi ɗaya, pul ne, wasan Amurkawa. Sunuka ta ainihi ta Turawan Ingila ce, teburinta ƙafa 12 ne, da jajayen ƙwallayenta. A can Amurka akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai ƙera wannan sandar, ɗaya bayan ɗaya, ga wanda ya yi oda. Yawancinsu mutum ɗaya ne a gareji ko a ɗakin ƙasa, da injin juya itace biyu ko uku, wani a shekara guda sandunan da zai fitar ba su wuce 'yan gommai ba. Wanda ya gaji da sandar kanti ya tara kuɗi ya ce bari ya yi tasa ta kansa, wurinsu yake zuwa. Kusan kullum tambayar farko da yake yi ita ce wane itace zai zaɓa, kuma kusan kullum yana nufin wane ne ya fi kyau a ido. Gwanin yakan saurare shi da haƙuri, domin shi abin da ke ransa daban ne: wane itace ne zai zauna a miƙe shekara 30 bayan ya bar shagon.

Cinikin kansa cinikin biri ne a sama. Za ka faɗi tsawo da nauyi da kaurin da kake so, ku daidaita kan itace da ado, ka ba da kafin alƙalami, sannan ka koma gida ka jira. Wani wata shida, wani shekara biyu. Shagon South West da Jerry Franklin ya kafa a Las Vegas a 1982 ya yi suna da layin jira na sama da shekara goma. Mutum kan sa sunansa yana saurayi, sandar ta iso shi yana da 'ya'ya a makaranta. Wani ɓangare na wannan jinkiri yawan masu oda ne. Amma ko da kai kaɗai ne a layi, ba za a ba ka sanda a mako guda ba, kuma duk wanda ya ce zai ba ka, ka bincika inda ya samo itacensa.

Sandar pul da aka saba tsawonta inci 58 ne, kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta tsakanin oza 18 da 21, an fi son 19, wato giram 540 ko kusa da haka. Gida biyu ce, ana ɗaura su da sukuru a tsakiya. Rabin gaba, siriri, fari, wanda ke zamewa a kan yatsu, bari mu kira shi kara. Rabin baya da ake riƙewa, ƙota. A bakin kara akwai ɗan farin zobe mai hana itacen tsagewa, a kansa kuma ƙwayar fata mai faɗin milimita 13 ko ƙasa kaɗan, ita kaɗai ce ke taɓa ƙwallo. Wannan fatar ma tana da tarihi. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake danganta wa ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 19, yana tsare a kurkuku inda ya sami tebur da lokaci. Kafin shi, in ka bugi ƙwallo a gefe sai sanda ta sulɓe; bayansa ne aka fara sa ƙwallo ta juya, ta dawo baya, ta yi kwana.

A kan kara babu wata gardama mai yawa. Mefil ne, mai tauri, irin wanda ake tatsar ruwan zaƙi daga jikinsa, dangin bishiyar da ganyenta ke kan tutar Kanada. Ana samo shi daga dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka da Kanada, inda sanyi ke sa bishiya ta girma a hankali, zoben shekarunta su matsu da juna. 'Yan sunukar Ingila sun fi son itacen ash mai zane kamar kibiyoyi, har suna saita ido da zanen. Ɗan pul kuwa santsi yake nema, kuma mefil ba shi da ramukan da za su ja fatar yatsa.

A nan ne gwanintar take, kuma ita ce wadda mai saye ba ya gani. Gwanin kan sayi mefil a yanke, guntaye masu kusurwa huɗu, tsawon kowanne inci 30 ko ɗan fiye. Zai ɗauki ɗaya ya duba bakinsa ya ƙirga zobba. Zai bi layi ɗaya na jijiyar itacen da ido daga wannan baki zuwa wancan, ya ga ko ya tafi sak ko ya fice ta gefe a tsakiyar hanya. Wanda jijiyarsa ta fice, nan gaba ta nan zai lanƙwashe. Zai auna nauyinsa. Wasu sukan saki guntun a tsaye kan siminti su saurara: akwai mai ƙara tas kamar ƙararrawa, akwai mai faɗuwa dum kamar rogo. Mai baƙin tabon ma'adini a jiki ya koma gefe, ba don ba zai yi wasa ba sai don mai saye ba zai so ganinsa a gaban idonsa kullum ba.

Waɗanda suka tsira sai a ɗora su a inji a mayar da su zagayayyu, a rubuta kwanan wata da fensir a gindinsu, a rataye su. Ba a jingine su, ba a kwantar da su, sai ratayewa a tsaye, iska na ratsa su. Bayan makonni ko watanni a sauko da ɗaya a mayar kan inji a juya shi a hankali. Sai ka ga wanda aka rataye a miƙe yanzu tsakiyarsa na rawa. Dalili kuwa shi ne bishiya tana tsaye ne da ja-in-ja a cikinta, wani sashe na jan wani, kuma duk lokacin da aka fere wani abu daga waje sai ma'aunin ya canza, itacen ya nemi sabon zama. Saboda haka ba a fere shi gaba ɗaya. Ana shafto kaɗan, abin da bai fi kaurin 'yan takardu ba, a sake ratayewa, a sake jira. Wani kara sai ya hau inji sau takwas ko goma a cikin shekara biyu ko fiye kafin ya kai kaurinsa na ƙarshe. Wanda ke motsi kaɗan-kaɗan yana raguwa, ya kusa natsuwa. Wanda kullum aka sauko da shi ya sake karkacewa, ya nuna halinsa ke nan, sai kwandon shara ko a yanka shi a yi wani abu da shi. Mu mun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗannan mutane ba sa tanƙwara komai. Suna barin itacen ya yi duk karkacewar da ke cikinsa, su kuma suna bin baya suna sharewa, har ya gaji.

Duk wanda ya taɓa zama a gida mai ƙofar katako ya san sauran labarin. Da damina ƙofa ta kumbura sai an sa kafaɗa, da hunturu ta ja baya har ana hango tsakar gida ta tsaga. Itace ba ya daina shan ruwan iska yana fitarwa, ko ya shekara ɗari da sarewa. Maƙeran sanda suna son damshin itacensu ya sauka zuwa kashi shida ko takwas cikin ɗari, ya kuma zauna a shagon ya ga zafi ya ga sanyi kafin a amince da shi. Kara mai jijiya miƙaƙƙiya shi ma yana kumbura yana tsukewa, amma ko'ina daidai, don haka yana nan a miƙe.

Daga nan sai siffar karan. Akwai yankan da Amurkawa suka fi so, inda kaurin ke zama kusan ɗaya daga baki har inci goma sha wani abu kafin ya fara buɗewa, yadda sanda za ta yi gaba da baya a cikin zagayen yatsa ba tare da ta tura shi ba. Akwai kuma wanda ke buɗewa a hankali tun daga baki, kamar karas, ya fi ƙarfi, ba ya lanƙwasa. Kowane gwani yana da nasa yankan, yana ɓoyonsa kamar lakani, kuma babban rabo na abin da 'yan wasa ke kira "bugun wane" daga nan yake fitowa.

Akwai wata gaskiya da ba kowane mai saye ke son ji ba. David Alciatore, malamin injiniya da ya koyar a Jami'ar Jihar Kolorado, ya daɗe yana ɗaukar bugun pul da kyamara mai saurin gaske. Fata da ƙwallo suna haɗuwa ne na kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kafin ka ji girgizar bugun a tafin hannunka, ƙwallo ta riga ta tafi. Abin da ƙwallon ta sani shi ne gudun sanda, nauyinta, inda aka taɓa ta, irin fatar, da nauyin 'yan incin farko na bakin kara. Wannan na ƙarshe shi ke sa in ka bugi gefen dama, ƙwallon ta ɗan kauce hagu daga inda ka nufa. Bakin da ya fi nauyi ya fi ture ta. A kan haka kamfanin Predator ya fito da kara mai huda a baki a shekarun 1990, daga baya a 2016 ya fito da baƙin kara na zaren kabon wanda babu ruwansa da damina ko hunturu, yau kuma manyan 'yan wasa da yawa shi suke riƙe da shi. To ina amfanin wahalar zaɓen itacen ƙota? Ƙwallo ba ta san eboni ba, ba ta san kokobolo ba. Hannu ne ya sani, da kunne. Nauyin da ke baya, wurin da sandar ke daidaita in ka ɗora ta a yatsa, ƙarar da take yi, ɗan tsirin da ke dawowa tafin hannu ya gaya maka ka buga daidai ko ka kuskure tun kafin ka ɗaga kai: waɗannan duk na ɗan wasa ne, kuma mutumin da zai tsaya awa biyar a bakin tebur ba zai ce ƙaramin abu ba ne.

Itatuwan ƙota kuwa, nan ne ido ke samun rabonsa. Sarkinsu eboni, baƙi wuluk, mai sheƙi in an goge shi kamar an shafa mai. Mafi shahara daga dazukan Kamaru da Gabon yake fitowa, kuma ɗan'uwan kanyarmu ne, dangi ɗaya suke. Wanda ya taɓa ganin baƙin da ke tsakiyar tsohuwar kanya ya ga ɗan misalinsa. Yana da nauyi, yana ba da bugu mai tauri da ƙara siririya, amma yana da saurin fushi: in an gaggauta busar da shi ko wuƙar inji ta yi zafi, sai ya yi ƙananan tsaga. Baƙin nan da ake so yana da tsadar da ba a rubuta a rasit. Lokacin da Bob Taylor, mai kamfanin ƙera gita, ya shiga sayen wata masana'antar yanka eboni a Yawunde a 2011, ya ba da labarin cewa masu sara kan kayar da bishiya kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi tsantsa, sauran masu ratsin fari ko ruwan ƙasa a bar su a daji, domin sai an sare ake sanin cikin. Tun da na ji wannan, eboni mai ratsi ya fi burge ni.

Sai kokobolo na Amurka ta Tsakiya, daga Meziko zuwa Nikaraguwa da Fanama, ja da ruwan lemo da baƙi suna murɗe da juna kamar hayaƙi. In ka jefa shi a ruwa nitsewa yake yi. Yana da maiƙo a jikinsa wanda ke sa shi sheƙi, amma maiƙon nan ne ke hana gam kamawa, sai an goge wurin da sinadari an manna nan take. Ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi da kumburin fata, har akwai maƙeran da dole suka daina taɓa shi. Da shekaru yana duhu, jan da ka saya ya koma ruwan goro mai zurfi, kuma gwanin kirki zai gaya maka wannan tun kafin ka biya. Fafulhat na Amurka ta Kudu nasa abin mamakin daban ne: in an yanke shi ruwan ƙasa ne marar daɗin gani, sai ya sha iska da haske kwana biyu ya rikiɗe ya zama shunayya. Ba shi da tsada, ba ya motsi, maƙera suna ƙaunarsa fiye da yadda masu saye ke yi. Akwai bokote mai zane kamar idanu, akwai bubinga na Kamaru da Gabon, akwai zaitun, akwai faduk ja, ɗan'uwan madobiya. Shi kansa mefil yana da nau'in ado: mai idon tsuntsu, wanda jikinsa ke cike da ƙananan ɗigo, da mai igiyar ruwa wanda in ka juya shi a haske sai ratsin ya yi kamar yana tafiya.

Matsalar ita ce abin da ke sa itace kyau, sau da yawa shi ne aibinsa. Murɗewar jijiya, kumburin da ke fitowa a gindin bishiya mai zane kamar taswira, idon tsuntsu, duk alamu ne na itacen da bai girma a miƙe ba, kuma ba zai so zama a miƙe ba. Ga kuma nauyi. Mefil nauyinsa kusan kashi bakwai cikin goma ne na ruwa, kokobolo ya fi ruwa. In aka yi ƙota gaba ɗaya da eboni ko kokobolo, sandar za ta zarce oza 21 tun kafin a sa mata ƙarfe ko ɗaya. Dabarar da aka samo ita ce huda. Ana ɗaukar guntun itacen ado a huda shi daga baki zuwa baki da dogon bunƙuri irin na huda bututun bindiga, a zura masa sandar mefil ko fafulhat da ta riga ta natsu, a cika tsakaninsu da gam mai ƙarfi. Kyan na waje, ƙashin bayan na ciki. Da haka ake sauƙaƙa mai nauyi, a ƙarfafa mai rauni, a tsare mai son karkacewa. Wasu tsofaffin hannu suna ganin wannan yana sa duk sanduna su yi bugu iri ɗaya, ya kashe muryar kowane itace. Suna da hujja. Amma in aka ba ni zaɓi tsakanin murya mai daɗi da sandar da ba za ta yi ɗingishi ba, na san wadda zan ɗauka.

Adon da ya fi nuna hannun mutum shi ne harsunan nan huɗu masu tsini da ke tasowa daga riƙo suna nufar gaba, kamar kan mashi. Mai kallo zai zaci zane ne aka yi a sama, alhali itace ne ya shiga cikin itace. A tsohuwar hanya, ana yanka guntaye biyu, fari da baƙi, kowanne a fitar masa da yatsu huɗu, a sarƙe su kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa, a manne, babu ƙarfe babu sukuru. A hanyar da ta fi yawa yanzu, ana yanka kwari huɗu masu kusurwa a jikin guntun gaba, masu zurfi a baya suna tasowa har su ɓace, a kwantar da itacen ado a ciki, an yi masa shimfiɗa da siraran fallayen katako da aka rina, baƙi, shuɗi, ruwan lemo, fari. A wannan matakin abin ba shi da kyan gani ko kaɗan, dunƙule ne mai kusurwoyi da busasshen gam. Sai an ɗora shi a inji, wuƙa ta fara cin kusurwoyin, sannan harsunan ke fitowa da kansu, layin launi bayan layin launi, kowanne yana ƙarewa da tsini kamar allura. In tsakiyar da aka kafa itacen a inji ta goce ko da kaurin gashi ne, harshe ɗaya zai fi sauran tsawo, kuma babu gyara. Shi ya sa masu sani, in aka miƙa musu sanda, ba sa tsayawa kallon launi. Suna juya ta a hankali a tsakanin yatsu suna duba ko tsinin huɗun sun tsaya a layi ɗaya, ko fallayen sun haɗu a baki babu layin gam. Injin da kwamfuta ke tuƙawa yana iya yanka ado iri-iri da hannu ba zai iya ba, amma da yake wuƙarsa zagayayya ce, bakin harshensa kan fito da ɗan dakushi, kuma da wannan ake gane shi.

Sunan da ake fara kira a wannan sana'a George Balabushka ne. An haife shi a Rasha a 1912, ya zo Amurka yana yaro a 1924, ya yi aikin ƙera kayan wasan yara da na ɗakinsu na katako a New York. Zarto ya taɓa cire masa yatsa a wurin aiki, ya ƙera wa kansa madadinsa da har na kusa da shi ba sa ganewa. A 1959 ya shiga mallakar wani gidan pul a Brooklyn, ya fara gyara sanduna, daga nan ya koma ƙera su, har rasuwarsa a 1975. Duka-duka abin da ya yi bai wuce dubu da 'yan ɗari ba. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne bai damu ya yi komai da hannunsa ba: sashen harsunan yakan saya ne, da farko daga sandunan Titlist na kamfanin Brunswick, daga baya daga Burton Spain na Shikago, sannan Gus Szamboti na Fensilbeniya, wanda shi ma ya zama gagarabadau. Nasa gwanintar ita ce sanin itace mai kyau in ya gani, da haɗa sanda ta zauna a hannu. Mefil mai miƙaƙƙiyar jijiya ya fi so a kan mai ado. Fim ɗin The Color of Money na 1986, wanda Paul Newman da Tom Cruise suka fito a ciki, shi ya kai sunansa kunnen waɗanda ba su taɓa riƙe sanda ba, duk da cewa sandar da aka nuna a fim ɗin ta kamfanin Joss ce aka yi mata shiga. Yau ta gaske tana kai dubban daloli masu yawa.

Zamanin Balabushka ana sa hauren giwa a zobe da mahaɗa ba tare da wani ya ɗaga gira ba. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma mai sayen sanda yau ya nisanci ko da tsohonsa ne, in dai yana son ya tsallaka iyaka da ita. Itacen rozwud na Burazil ya shiga jerin haramci mafi tsanani a 1992. Ɗan'uwansa kokobolo an sa masa ido tun 2013, daga 2017 kuma aka sa sauran danginsu, da bubinga, da ita kanta madobiyar da aka yi ta lodawa daga Taraba zuwa tashar jirgin ruwa, a ƙarƙashin sa ido na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe. Gwanin da ya san aikinsa ya san asalin kowane guntu a shagonsa.

In da wani zai nemi shawarata kan sandarsa ta farko, zan ce ya rage buri a kan ado. Ya fara riƙe sandunan mutane, ya san ko mai nauyin gaba yake so ko mai nauyin baya. Yawanci wurin daidaiton yana wajen inci 18 ko 19 daga gindi, kuma inci ɗaya a nan ya fi oza ɗaya tasiri a hannu. Ya san ko tafinsa na gumi, domin shi zai raba gardama tsakanin naɗin zaren linin, naɗin fata, ko itace tsirara. Ya san ko yana son mahaɗar ƙarfe mai bugu tsantsan ko wadda itace ke haɗuwa da itace, babban sukuru na shiga cikin mefil kai tsaye, mai bugu a tausashe. Ya nemi kara biyu, a yanka su tare. Sannan a kan itace, maimakon ya zo da hoto daga intanet ya ce lallai irin wannan, ya tambayi gwanin me ke rataye a shagonsa da ya fi daɗewa. In ya dage kan itacen da babu, ko dai a sayo sabo ya jira shekaru, ko a sayo sabo a yi masa sauri, kuma sauri ya haifi nawa. In sandar za ta koma wuri mai bushewar iska irin namu, ya faɗa tun farko, ya kuma sani cewa barinta cikin mota a rana ko jingine ta da bango zai iya rushe aikin shekara uku.

Kada kuma ya zaci sanda za ta ci masa wasa. Stephen Hendry ya ɗauki kofin duniya na sunuka sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sandar fam 40 da aka saya masa yana yaro. Amma da ta karye a cikin kayan jirgin sama a 2003, bai sake ɗaukar kofin ba. Dalilan suna da yawa, shekaru ma sun ja, sai dai duk ɗan wasan da ya ji labarin ya san abin da aka rasa: hannu ya shafe shekara 20 yana koyon itace ɗaya.

Akwai wata irin sanda da maƙera ke yi wadda ba ta da naɗi ba ta da zobba, an ɓoye mahaɗarta, in ka gan ta sai ka rantse ta gidan wasa ce. 'Yan caca ne suka fara sonta, don kada abokin karawa ya gane gwani ne ya shigo. Har yau ita ce mafi araha a wurin yawancin maƙera, kuma da ita ake gane hannun mutum, tunda babu adon da zai ɓoye a bayansa. Mafi daraja a cikinsu daga tsofaffin sandunan gidajen wasa ake yin su. Maƙera suna bin gwanjo da shagunan tsofaffin kaya suna neman Titlist ɗin shekarun 1940 da 1950, waɗanda suka sha duka da hayaƙin taba, aka jefar da su a lungu. Cikin tarin sai a sami 'yan kaɗan da har yanzu in an mirgina su suna tafiya lafiya lau. Waɗannan ake yankewa biyu, a kankare dattin, a sa musu mahaɗa da sabon kara, a sayar da su da tsadar da ta ninka ta sabuwar sanda, domin itacen da ya shekara 70 bai karkace ba, ba a tsammanin zai fara yanzu.